Takwarar Gwaggo Hanne

Yayanmu Muhammad Bashir ya haifi 'ya'ya mata huɗu, kuma duk huɗun sai da ya yi wa Gwaggo Hanne alƙawarin takwara. Na farkon a gabana aka yi. Yana zaune a tsakar gidanmu na Balan yana shan furar da ta dama masa, ya ɗago da ludayi a hannu ya ce, "Gwaggo, in dai mace ce sunanki ne, babu fashi." Ranar suna muka ji an ce Khaula. Ta biyu Zuhra. Ta uku da ta huɗu ba zan ma ɓata bakina ba, irin sunayen nan ne da ake tsinta a waya, har yau tsofaffin gidanmu ba su iya faɗarsu daidai ba. Hadi mai bi masa shi ko alƙawarin bai taɓa yi ba. Gara shi, bai ɗauki alhakin kowa ba.

Gwaggo Hanne ƙanwar babanmu ce. Ita ta riƙe mu mu uku bayan rasuwar mahaifiyarmu, lokacin ina rarrafe. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta tsaya mana, ita ta kai ni makaranta da hannunta, ita ta hana a cire ni. Kafin mu ta yi aure a Gafasa. Ta haihu ta binne, ta haihu ta binne, duk suna goye suke tafiya, har ta gaji ta dawo gidan yayanta, ba ta sake aure ba. To laifinta ke nan. Ba mai faɗa a gabanta, amma kowa ya san abin da ake faɗa a ɗaki: wai yaro yana ɗebo ƙaddarar mai sunansa, wa zai sa wa 'yarsa sunan mai wabi? Mutane masu salla, har da masu zuwa Islamiyya, amma da an zo kan wannan camfin sai kowa ya sunkuyar da kai. Ita kuwa duk suna ita ce a bakin murhu. Ta tuƙa tuwo, ta dama wa mai jego kunun kanwa, ta ɗauki jaririya ta ce Allah ya raya, ta koma gida. Ni ce nake cika ina batsewa a madadinta.

Na so in yi mata da kaina. Allah ya ba ni maza biyu, likita kuma ya ce in na sake ɗaukar ciki to in yi sallama da jama'a. Shi ke nan, nan ma babu hanya.

Aikina kuwa, duk wanda na faɗa wa sai ya yi dariya, don haka ku ma ku yi taku ku gama. Gansakuka nake karanta. Digiri na uku nake yi a kanta a Kano. Ba koren nan da kuke gani yana yawo a kan ruwa ba. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ido ba ya gani, kowace ƙwayar halitta ɗaya ce tak, ana ce musu dayatom. In kun taɓa dutse a bakin kududdufi kuka ji santsi, kuka ga abu ruwan ƙasa-ƙasa a yatsa, to su ne. Abin da ya sa na mace a kansu shi ne, kowace tana zaune cikin ɗan akwatin gilashi da ta ƙera wa kanta, gindi da murfi kamar kwanon samira. Jikin gilashin kuma da zane, layi-layi, ɗigo-ɗigo, sai ka ce aikin hula. Da wannan zanen ake bambanta jinsi da jinsi. Sai ka kankaro santsin da buroshin goge baki, ka dafa shi a asid har naman ya ƙone gilashin ya rage fes, ka ɗora a madubin ƙara girma, ka auna tsawo, ka auna faɗi, ka ƙirga layukan. Daga nan ka zauna da littattafai masu nauyin bulo kana gwadawa da waɗanda aka riga aka sani, har idonka ya yi ja.

Bayan gidanmu na Balan akwai kududdufi, inda aka haƙi ƙasar da aka gina gidan. Na sha duka wajen Gwaggo saboda wanka a cikinsa. Wata damina na zo gaishe ta, na ga ban da abin yi, na kankaro santsin karan da ke bakin ruwan na zuba a robar magani. Da na koma Kano na wanke na duba, sai ga wata doguwa a cikinsu, kanta biyu a kumbure, ƙugunta a tsuke kamar taɓarya. Layukanta suna tafiya a jere, sai su tsaya cak a tsakiya su bar fili. Danginta na san su, *Pinnularia* ake ce musu. Ita ce ban sani ba. Na juya littattafan nan ciki da bai, babu ita.

Na kai wa Farfesa Kabo, mai duba aikina. Ko gilashin idonsa bai gyara ba ya ce, "Malama Fauziyya, kowane ɗalibi sai ya ga sabon jinsi a shekararsa ta farko. Koma ki sake ƙirgawa."

Na koma na sake, raina a ɓace. Na sake, na sake. Muka ɗauki hotonta da babban madubi mai aiki da lantarki, muka aika wa masana a waje, su ma suka juya nasu littattafan. Abin ya ci fiye da shekara. Rannan Farfesa ya kira ni ofis, na tarar yana murmushi, abin da ban san ya iya ba.

"Sabuwa ce," ya ce. "Babu wanda ya taɓa rubuta ta. Yanzu sai suna, kuma wanda ya gano shi ke raɗawa. Amma ki ji ƙa'ida da kyau. Za mu bayyana kamanninta, mu ajiye gilashin samfuri a ma'ajiya don duk mai shakka ya je ya duba, mujalla ta buga. In ta buga, ya bugu. Ko ke ba ki isa ki ce kin fasa ba. Ni da za ki ji tawa, ki sa mata sunan ƙasarku, *gayaensis*, ta Gaya ke nan. Ba mai jin haushi."

Na ce, "Farfesa, *hanneae* za a sa."

"Wai wace ce Hannen nan da kuke ta kira?"

"Gwaggona ce. Ita ta raine ni."

Ya ɗaga kafaɗa. "Haƙƙinki ne. Ki dai gaya mata kafin mu mayar wa mujalla da gyara, don suna jiranmu."

Na yi niyyar in je Balan in gaya mata baki da baki. Zumuɗi ya riga ni. Da yamma na sa hoton a zauren gidanmu na waya, na rubuta a ƙasa: *Pinnularia hanneae*, takwarar Gwaggo. Hadi ya turo dariya. Sadiya matar Yaya Bashir ta turo "Ikon Allah". Shi kuwa Yaya saƙon murya ya turo, yana huci kamar ya hau tudu da buhu: in same shi Ajingi ranar kasuwa, kuma kada in kuskura in yi komai kafin nan.

Na je. Ba don ya isa ba, don ina da abin faɗa.

Na tarar da shi a rumfarsa ta hatsi, ana auna masa gero. Ya sallami masu awo, ya ja ni bayan buhuna, ya fara da ƙasa-ƙasa.

"Ke yanzu bokon naki abin da ya koya miki ke nan? Ki rasa abin da za ki haɗa Gwaggo da shi sai ƙazantar kududdufi? Inda jakuna ke shan ruwa, inda yara ke tsuguno a baki?"

"Ka ga hoton kuwa, Yaya?"

"Na gani. Tsutsa ce."

"Ba tsutsa ba ce."

"Ko mene ne! Kin san Balan. Gobe yara za su bi ta suna Hanne gansakuka, Hanne gansakuka. Tsohuwa ta gama wahalarta, ki sa a yi mata waƙa a ƙarshen rayuwarta?"

Gaskiya wannan ta taɓa ni, don na san yaran garinmu ba su da kunya. Amma daga bakinsa ta fito, shi ya sa na ƙi karɓa.

"Au, yau ka san mutuncinta? 'Ya'ya huɗu, Yaya. Huɗu! Kowace sai ka je ka sha furarta ka ce sunanki ne babu fashi. Ta yi ta murna tana gaya wa maƙwabta. Ranar suna ta ji wani sunan a bakin maroƙi. Wannan ba waƙa ba ce?"

"Ki iya bakinki. Dangin Sadiya ne ba sa so."

"Dangin Sadiya ke yi wa 'ya'yanka huɗuba? Wa yake raɗa suna a kunnen jariri, kai ko surukarka? Tsoro ka ji. Ka faɗa kawai, tsoro ka ji, kai da gemunka da carbinka."

Masu rumfar kusa sun fara leƙowa. Fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Na ɗauka mari zai kawo, na ma gyara tsayuwa. Sai ya yi abin da ya fi mari.

"To ki ji. Jiya na je Balan, na gaya mata. Kin san me ta yi? Kuka. Gwaggo da ko a gawar Baba ba ki ga hawayenta ba. Ta ce a gaya miki ki cire. In kin isa ki buga, amma wallahi in kika buga, ba ni ba ke."

Ba ni ba ke ɗinsa ko a jikina. Kukan ne ya kashe min jiki. Na fito daga kasuwar ban san inda nake jefa ƙafa ba. A tasha na kira wayar Larai maƙwabciyarta, na ce ta miƙa mata.

"Gwaggo, ni ce."

"Na ji ki. Ki cire, 'yar nan."

"Gwaggo, ki bari in yi miki bayani."

"Ki cire, na ce." Ta mayar wa Larai da wayarta.

A motar Kano na yi nawa kukan, fuskata a cikin mayafi, wata mata tana ta ba ni haƙuri ta ɗauka rasuwa aka yi min. Kunya ta ishe ni, haushi ya ishe ni. Na so in ɗaukaka ta, ashe zaginta na yi? Washegari Farfesa ya tare ni a baranda ya ce mujalla ta sake tuntuɓa, wane suna za a mayar musu? Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen mako. Na riga na yanke: in ta ce in cire, zan cire, sunanta ne ba nawa ba. Amma ba a kan bayanin Yaya Bashir ba. Sai ta ga abin da idonta, ta dube ni ta faɗa.

Akwai wani tsohon madubin ƙara girma a ɗakin gwajinmu da ba ya buƙatar wuta, da hasken rana yake aiki. Na are shi, na naɗe a zani, na sa a kwali. Na ɗauki ɗaya daga cikin kwalaben da nake kiwon masu rai a ciki, na sa ta a jaka na rungume a cinya tun daga Kano har Gaya. Daga Gaya na hau babur, ina ta yi wa mai babur masifa a kan ramuka.

Da hantsi na isa Balan. Ashe Hadi, da na gaya wa zan zo, ya kai rahoto, don babur ɗin Yaya Bashir na fara gani a gindin darbejiyar ƙofar gida, shi kuma yana zaune a kan benci. Na gaishe shi, ya amsa da hanci. Ya ce ya zo ya ga ƙarshen taurin kai ne. Na ce to ya gyara zama.

Gwaggo tana tsakar gida a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta rame min a ido. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, ta tura min ƙwaryar ruwa, ba ta ko kalli kwalin ba. Na sha, na ajiye.

"Gwaggo, ban zo in yi miki musu ba. Na san Yaya ya ce miki na haɗa ki da ƙazanta. Wallahi ba ƙazanta ba ce. Ki duba kawai, in kin ga abin ƙyama ne, a gabanki zan kira malamina in ce a cire."

Ta ci gaba da ɓara, ƙas, ƙas. Can ta ce, "Ke kin ɗauka don gansakuka ce?"

Na ɗago na dube ta.

"Ni me ya dame ni da gansakuka? Wanda ya halicce ni shi ya halicce ta. Yara su yi min waƙa, wace waƙa ce ba a yi min ba a garin nan?" Ta watsa ɓawon hannunta a faifai. "Shekara nawa kina wahala a kan abin nan? Kin bar 'ya'yanki da miji, kina bin kududdufai kamar mai su, idonki duk ya zurma. Yanzu Allah ya ba ki abu ɗaya naki na kanki, sai ki ɗauki sunana ki ɗora masa? Ya mutu a hannunki ki tashi a tutar babu?"

"Gwaggo!"

"Bari in gama. Duk abin da aka ce nawa ne ba ya tsayawa. Na gani, ba labari aka ba ni ba. Ku ma don ba nawa ba ne kuka rayu. Kin taɓa jin na ce muku 'ya'yana? Ko sau ɗaya? 'Ya'yan Yaya nake cewa. Har ranar aurenki, da mata suka ce ga uwar amarya, ce musu na yi a'a, riƙo ne. Kin ji haushina ranar, na gani a fuskarki."

Na tuna. Na ji haushin kuwa, har na ƙi kallonta a mota.

"Bashir kuma ki daina cin mutuncinsa. Duk ranar da ya fasa, ina shiga ɗaki in yi kuka in yi hamdala, duk a zama ɗaya. Ina so, 'yar nan, wa zai ƙi? Amma da ya sa, da ban ƙara barci ba, kullum ina jiran a aiko."

Ban taɓa jin fushi irin na wannan lokacin ba, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Shekara da shekaru ina faɗa da Yaya, da Sadiya, da danginta, da tsofaffin unguwa, ashe camfin yana nan zaune daram a cikin ƙirjin matar da nake yi wa faɗan. Sun faɗa, sun faɗa, har ta karɓa ta riƙe musu. Na jawo jakata na fito da kwalbar, na dangwara ta a kan tabarma tsakanina da ita.

"To kin makara, Gwaggo."

Ta dubi kwalbar. Ruwa ne rabinta, gindin da gefen duk sun yi ruwan ƙasa kamar an zuba shayi ya kwanta.

"Tun bara nake kiranta da sunanki. Kowa a ɗakin gwajinmu haka yake ce mata. An ba Hanne abinci? A matsar da Hanne kusa da taga. Har mai shara ya sani. Kin ga kwalbar nan? Guda ɗaya na sa a ciki. Ɗaya tak. Na tsamo ta da ɗan bututun gilashi mai kaurin gashi, na sa ta ita kaɗai, na ce sunanki Hanne. Duk jan nan da kike gani su ne."

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. "Tun bara?"

"Tun bara."

"Da sunan nawa?"

"Da shi."

"Kuma ba ta mutu ba?"

"Kwalba shida gare ni yanzu. Har rage su nake ina zubarwa, don wuri ya yi musu kaɗan."

Ta daɗe tana kallon kwalbar. Sannan ta goge hannunta a zani. "Su nawa ne a ciki?"

"Ba sa ƙirguwa."

"Ita kaɗai, ba miji? Ta yaya take haihuwa?"

"Ba haihuwa take irin tamu ba. In ta ƙoshi da rana sai ta rabu biyu. Kowane rabi ya ɗauki ɓari ɗaya na akwatin ya ƙera ɗayan. Jibi su ma su rabu."

"To wace ce uwar?"

"Duk biyun."

"Ba sa mutuwa ke nan?"

Na so in ce e. Amma ba a yi wa Gwaggo ƙarya, tana gane ta tun daga numfashi. "Suna mutuwa. Komai yana mutuwa. In kududdufi ya ƙafe da rani da yawansu suna tafiya. Amma ruwan fari yana sauka sai ki ga sun dawo, na duba damina biyu a jere. Waɗanda suka mutu ma gilashinsu ba ya ruɓewa, yana nan a cikin laka da zanensa. Sunan kuma in aka buga shi ke nan. Bayan ni, bayan jikokin Yaya Bashir, duk wanda ya tsince ta, ko a wace ƙasa, dole ya kira ta da shi. Ko ba ya so."

Ta ce, "Buɗe kwalin."

Na kafa madubin a kan turmi da na kifa, na juya ɗan madubin ƙasa har ya kamo rana. Na ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, na rufe, na nemo su na daidaita. Sai aka shiga daru. Idonta ɗaya ne mai gani sosai, wanda aka yi wa aikin yana. Ta rufe shi ta buɗe ɗayan. Na gyara mata. Ta kama bututun da hannu biyu kamar za ta busa wuta, komai ya goce. Na sake nemowa. Ta ce ita fari kawai take gani, ni dai na cika fitina tun ina yarinya. Na ce ta ɗan ja da baya kaɗan, kada ta manna ido.

Ta ja da baya kaɗan, ta sake leƙawa.

"La'ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Ke, tafiya take yi!"

"Tafiya take."

"Ji ta, ji ta! Ba ƙafa ba hannu, sai yanga. Kai, ga ta ja-ja da ita kamar zuma. Ga wata can. Waɗannan biyun me ya manne su?"

"Yanzu suka rabu, ba su gama sakin juna ba."

Ta tsaya a sunkuye, bayan nan nata mai ciwo, har rana ta goce daga ɗan madubin na sake juya shi. Na ga ruwa yana bin kuncinta yana ɗiga a kan turmi, nawa ma zuba yake. Da ta ɗago ta share fuska da gefen ɗankwali, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke dai ba ki da kunya," ta ce. "Ki raɗa suna shekara guda ba ki gaya wa mai suna ba?"

Kafin in ba ta amsa ta kama hancinta ta rangaɗa guɗa. Ban san tana da sauran wannan muryar ba. Kaji suka watse. Larai ta leƙo ta kan katanga tana wa ya haihu, wa ya haihu? Yaya Bashir ya faɗo gidan ko sallama babu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Lafiya? Gwaggo, lafiya?"

"Lafiya lau. Takwara aka yi min. Ka shigo ka yi barka, ko ka koma bencinka."

Ya dube ni, ya dubi turmin, ya dubi kwalbar. "Gwaggo, ke da bakinki kika ce a cire. Mutane fa za su yi dariya."

"Su yi. Na fasa, ko a hannunka na ajiye bakina?" Ta juyo gare ni. "Kira malamin naki."

Na kira Farfesa a gabansu, na sa a fili kowa ya ji. Na ce a mayar wa mujalla, *hanneae*, yadda yake. Ya ce na tabbata? Gwaggo ta karɓe wayar ta kai bakinta kamar mai shan ruwa ta ce, "Malam, ni ce mai sunan. A buga." Na ji yana dariya yana cewa an gama, Hajiya.

Yaya Bashir bai yi barka ba, amma bai fita ba. Ya tsaya a jikin rumbu yana murza hularsa. Larai ta zagayo da matan gidansu, kowa tana so ta leƙa, Gwaggo tana tsare da turmin tana ba su umarni, kar ki manna ido, ja da baya kaɗan, sai ka ce ita ta ƙera madubin. Da aka lafa ta dubi Yaya Bashir ta ce, "Kai ɗan nan, 'ya'yana biyu sun gani, saura kai." Ni da Larai take nufi, ko ni da Hadi da ya gani a hoto, ban tambaya ba. Ni dai na ji kalmar da ba ta taɓa kiranmu da ita ba, shi ma ya ji ta. Ya tako a hankali ya sunkuya a kan madubin, ya daɗe bai ɗago ba, na kuma san ba gansakuka ce ta riƙe shi ba.

Da azahar na fara haɗa kaya, don motar Gaya ba ta jiran kowa. Na naɗe madubin na sa a kwali. Na miƙa hannu zan ɗauki kwalbar, Gwaggo ta riga ni. Ta ɗora ta a cinya ta rufe da hannu biyu.

"Gwaggo, ta makaranta ce."

"Kin ce kina da shida."

"Sai an kula da ita fa. Ba ta son rana mai zafi, ba ta son duhu, kuma akwai ruwan da ake ƙara mata."

"Ni za ki koya wa raino? Ki aiko da ruwan." Ta gyara wa kwalbar zama a cikin zaninta. "Wannan a nan za ta zauna. Ita kam sai na ga yayenta."